Makarantar Midil da Shirin Karatu da Harshe Biyu a Nijeriya ta Arewa

Duk wanda ya taɓa zama da dattawan da suka yi karatun boko kafin Nijeriya ta sami mulkin kai, lalle ya ji suna yawan ambaton Midil. In suna so su yabi ilmin mutum sai su ce ai wane Midil ya gama, watau yana iya rubuta wasiƙa da Hausa ba tuntuɓe, ya kuma juya ya rubuta ta da Turanci, Di'o ya karanta bai sami abin gyara ba. Makarantar nan ba ta yi tsawon rai ba, gama an kafa ta wajen 1930, kafin 1960 kuwa an warware tsarinta an mai da ita wani abu dabam. Amma a cikin 'yan shekarun nan ita ce gadar da aka gina musamman domin yaro ya hau da harshe ɗaya ya sauka da biyu.

Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin yadda aka shirya wannan gada, a ga su wa suka zauna suka yanke shawara, su wa suka biya kuɗi, su wa kuma aka bari a waje ba a tambaye su ba. Dalilin waiwayen kuwa shi ne, har yanzu magana ba ta mutu ba. Duk garin da mutanensa suka taru za su kafa makarantar da za a yi karatu da harshe biyu, tambayoyin da za su fuskanta su ne waɗanda aka fuskanta tun wancan zamani: wane harshe za a fara da shi, yaushe za a shiga na biyu, wa zai koyar, da wane littafi, 'ya'yan wa kuma za su zo.

Abin da Turawa suka tarar

Sa'ad da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba ƙasar jahilai suka tarar ba. A ƙiyasin da Gwamna Lugga ya bayar bayan 'yan shekaru, makarantun allo na Arewa sun haura 20,000, almajiransu kuwa sun kai wajen 250,000. Bayan makarantun allo ga na ilmi, inda manya ke zama a zaure gaban malami suna karanta fiƙihu da nahawu da tafsiri. Abin lura a nan shi ne, wannan karatu na zaure shi kansa da harshe biyu a ke yinsa. Almajiri ya kan ja baƙi da Larabci, malam ya fassara masa kalma bayan kalma da Hausa, ko da Fulatanci, ko da Barbarci, gwargwadon ƙasar da a ke. Mawaƙa kuwa sun daɗe suna rubuta wa'azi da ajami. Ashe ke nan haɗa harshe biyu a wurin karatu ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasar.

Wani abin lura kuma, makarantun nan jama'a ce ke riƙe da su. Uba shi ke zaɓen malamin da zai kai wa ɗansa, shi ke ba da kuɗin Laraba, unguwa kuma ita ke ciyad da almajirai baƙi. In malami bai gamsar ba sai a ɗauke yaro a kai wani wuri, ba sai an nemi iznin kowa ba.

Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen Musulmi. Likita Mila ya sami zama a birnin Zariya, ya kuma yi ƙoƙarin buɗe wa 'ya'yan sarakuna makaranta, amma abin bai yi armashi ba, don mutane sun san abin da ya kawo shi. Tawayen Satiru na 1906 ya ƙara sa Turawa taka-tsantsan. Daga nan gwamnati ta ga ba makawa sai ta kafa makaranta da kanta.

Makarantar Ɗan Hausa

Wanda aka ɗora wa wannan aiki shi ne Hanns Vischer, mutumin Suwizalan ne asali, wanda ya fara zuwa ƙasar Hausa tare da 'yan mishan, daga baya ya shiga aikin mulki a Barno. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno tare da ayari. Saboda yadda ya iya Hausa ya kuma san al'adun mutane, aka laƙaba masa suna Ɗan Hausa, gidansa ma yana nan a Kano har yau da wannan suna. Kafin ya fara aiki sai da aka tura shi ya dubo makarantun Masar da na Sudan, ya ga yadda a ke koya wa Musulmi ilmin zamani a can.

A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, zamanin Sarki Abbas. Ya fara da malamai manya waɗanda sun riga sun yi karatun Arabiyya, ya koya musu karatu da rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa, domin su zama masu koyarwa. Sa'an nan aka buɗe sashen 'ya'yan sarakuna, da na sana'o'in hannu. Ɗakunan karatu na ƙasa ne irin ginin gari, yara suna zaune bisa tabarma cikin rigunansu na gida, kuɗin tafiyad da makaranta kuwa mafi yawa daga baitulmalin sarakuna ya ke fitowa.

A nan aka yanke shawarwari biyu waɗanda suka bi ƙasar har yau. Ta farko, da Hausa za a koyar. Ta biyu, da baƙaƙen Turawa za a rubuta Hausar, a bar ajami. Vischer da kansa ya tsara ƙa'idodin rubutun, aka buga su a 1912. Shawarar farko ta sauƙaƙa wa yara fahimta ƙwarai. Ta biyu kuwa ta sauƙaƙa wa Turawan mulki da maɗaba'a aiki, amma ta raba sabuwar makaranta da dubban malaman da suka iya ajami, ta mai da su kamar waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Ba a tara malaman zaure an nemi ra'ayinsu a kan wannan ba, kuma ƙyamar da aka daɗe ana yi wa boko tana da saiwa a nan.

Turanci fa? Da farko an yi ƙoƙarin tsare shi. Manyan Turawan Arewa suna ganin yawan Turanci shi ya sa 'yan bokon Ikko suka fi ƙarfin sarakunansu, suna rubuce-rubuce a jarida suna sukar gwamnati, ba su kuwa so a sami irinsu a Arewa. To, amma ofisoshin gwamnati da jirgin ƙasa da gidan waya da kantunan Turawa duka da Turanci su ke aiki. Tun da ba a koya wa 'yan ƙasa ba, sai aka riƙa ɗauko akawuna daga Kudu da ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Sarakuna suna kallo baƙi suka cika ofisoshi, alhali kuwa da harajin talakawansu a ke biyan albashin.

Kwalejin Katsina

Bayan makarantar Nasarawa an bubbuɗe makarantun lardi a manyan garuruwa, irin su Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauci da Bida. Nan da nan sai ƙarancin malamai ya bayyana. Wannan ya sa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta da kansa a watan Maris na 1922. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan da suka fi ba ilmin zamani goyon baya, ya kuwa karɓi kwalejin hannu biyu-biyu.

A Katsina da Turanci a ke koyarwa, shekara biyar, an kuma matsa ƙwarai a kan furuci da iya magana. Ahmadu Bello ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Imam daga 1927 zuwa 1932, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa daga 1928 zuwa 1933. Ɗaliban kaɗan ne, zaɓaɓɓu daga larduna, amma kowanensu ya fito da harshe biyu a bakinsa, mafi yawansu ma da Larabci na uku wanda suka taso da shi daga gida. Ba don wannan kwaleji ba, da Midil ba ta sami masu koyarwa ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: sai da aka yi kusan shekara goma ana tanadin malamai kafin a buɗe makarantar da za su koyar.

Kafa Midil

A 1929 aka haɗa ma'aikatar ilmi ta Arewa da ta Kudu ƙarƙashin darekta ɗaya, E. R. J. Hussey, wanda ya yi aiki a Sudan da Yuganda kafin ya zo Nijeriya. A lokacin nan ra'ayin masana a Landan ya karkata ga cewa yaro ya fara karatu da harshen da ya tashi da shi. Akwai kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka shawara a kan ilmi a Afirka, sakatarensa kuwa tun 1923 ba kowa ba ne illa Ɗan Hausa. Saboda haka tsarin da Hussey ya kawo a 1930 ya zo daidai da abin da aka riga aka fara a Nasarawa, sai dai ya ƙara masa hawa.

Ga yadda tsarin ya ke a Arewa. A ƙasa akwai elementare, shekara huɗu, da harshen gida, wanda a yawancin wurare Hausa ce. A tsakiya akwai Midil, wadda aka samu ta wajen haɗa manyan azuzuwan makarantun lardi da makarantun sana'a. A sama kuwa akwai kwaleji. Yaron da ya ci jarrabawa daga elementare ya kan fara da ajin share fage, inda a ke ɗura masa Turanci safe da yamma, sa'an nan ya shiga Midil ɗaya har zuwa Midil huɗu. Tun yana jin darasi rabi da Hausa, har a kai inda lissafi da tarihi da labarin ƙasa duka da Turanci a ke yi masa su. Hausa ba a yar da ita ba, tana nan a matsayin darasi, ana karatu ana rubuta insha'i. Ga kuma malamin Arabiyya mai koyad da Alƙur'ani da fiƙihu, ga ɗakin kafinta da maƙera.

Makarantar kwana ce. An rarraba yara gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, ana salla cikin jam'i, da yamma a fita wasa, har da wasan nan na buga ƙwallo da hannu a jikin bango wanda Sardauna ya riƙe har ƙarshen ransa. En'e ce ke gina makaranta, ta ciyad da yara, ta yi musu tufafi, ta biya malamai 'yan ƙasa. Baturen makaranta na lardi kuwa shi ke duba aiki, manhaja kuma daga sama ta ke zuwa.

Kusan kowane lardi Midil ɗaya gare shi. Akwai ta Kano wadda ta zama Kwalejin Rumfa, da ta Zariya wadda ta zama Alhudahuda, da ta Sakkwato wadda ta zama Nagarta, ga kuma na Katsina da Bauci da Bida da Yola da Maiduguri da Ilori da sauransu. Lardin Kano a shekarun 1930 ya fi mutum miliyan biyu, amma ƙofar Midil ɗaya tak gare shi. Daɗin daɗawa, tsarin ya faɗo daidai lokacin da kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi, kuɗin gwamnati da na En'e suka ragu, sai faɗaɗawa ta gagara.

Ba duk yaran Arewa ne Hausa ta zame wa harshen gida ba. A Barno da Adamawa da ƙasar Nufe da Ilori da ƙasar Tibi akwai harsunansu, wasu an yi elementare da su, a wurare da yawa kuma, musamman tsakanin ƙananan ƙabilun Bauci da Filato da kudancin Zariya, Hausa aka ɗauka don ita ce ke da littattafai da malamai. Makarantar horon malamai ta Toro da Hausa ta yi aikinta. Ga irin yaran nan, shirin harshe biyu ya zama na harshe uku, na gidansu kuwa shi aka bari a bakin ƙofa.

Maganar littattafai

Harshe ba ya zama na makaranta sai da abin karantawa. Don haka aka kafa Hukumar Fassara wajen 1929, daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, aka sake mata suna Hukumar Talifi. Da fari fassara ta ke yi, kamar Labarun Hausawa da Maƙwabtansu wanda aka ɗebo daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasa. East ya ga fassara kaɗai ba za ta sa yaro sha'awar karatu ba, sai ya zaga larduna a 1933 ya nemi malamai su rubuta labarai na ƙirƙira. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa John Tafida da East suka rubuta shi tare.

Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta nasa, Tafawa Ɓalewa kuwa a ta Bauci ya yi aikin malanta. Ashe malaman da aka horar don su koyad da Turanci su ne suka zama iyayen rubutun zube na Hausa. Daga baya aka ɗauko Imam zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, musamman domin 'yan makaranta, a watan Janairu na 1939 kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, a cikin shekarun nan ne kuma aka daidaita baƙaƙe masu ƙugiya da mu ke amfani da su yau. Duk wannan aiki bukatar aji ce ta jawo shi.

Wa aka tambaya?

In aka duba masu shirin, za a ga hawa uku. A sama akwai Turawa, daga Landan zuwa Ikko zuwa Kaduna, su ke da manufa da manhaja. A tsakiya akwai sarakuna da 'yan majalisarsu, su ke da baitulmali da ikon tara yara. A ƙasa akwai iyaye, su ke biyan harajin da a ke gina makaranta da shi, su ke kuma ba da 'ya'ya, amma ba su da kujera a wurin shawara.

An daɗe ana ɗora wa sarakuna laifin koma-bayan boko a Arewa. Masanin tarihi Peter Tibenderana, wanda ya bincika takardun Lardin Sakkwato da na taron sarakuna da a kan yi a Kaduna, ya nuna maganar ba haka ta ke ɗungum ba, gama akwai sarakunan da suka nemi a ƙara makarantu a kuma ƙara Turanci, Turawa ne suka ja birki saboda kuɗi da kuma tsoron abin da zai biyo baya. Ayyukan wasu sarakunan ma shaida ne. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Katsina da Kano da yardar Sarki Dikko da Sarki Abdullahi Bayero. A 1934 kuma Sarkin Kano ya sa aka kafa makarantar shari'a, aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Ilmin Arabiyya a 1947. Wannan ya nuna inda hankalin manyan gari ya ke: suna son ilmin zamani, amma ba su yarda Larabci ya zama ɗan rakiya ba.

Talaka kuwa yadda makaranta ta zo masa daban ne. Umurni ya kan fito daga fada zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, a ce a kawo yara kaza. Ba wanda ya zauna da uba ya bayyana masa abin da za a koya wa ɗansa, ko dalilin da za a raba shi da gona da allo a kai shi birni ya kwana can. Saboda haka mutane suka ɗauki kamun 'yan makaranta kamar kamun aikin tilas. Wasu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su gabas karatun allo, wasu suka ba da toshi a tsallake gidansu, wasu masu sarauta kuma suka ba da 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, abin da da yawa suka yi nadama a kai sa'ad da 'ya'yan barorin suka dawo suka zama manyan ma'aikata. Yara a unguwa har waƙar zambo su ke yi wa 'yan boko, suna zarginsu da barin karatu da salla. Alhali kuwa ana salla a Midil, ana kuma karatun addini, sai dai wanda ba a kira shi ya gani ba, ba shi da hanyar sani.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Da an tambayi iyaye, da an ji cewa damuwarsu ba a kan Hausa da Turanci ta tsaya ba. Abin da ke ransu shi ne matsayin Alƙur'ani da Larabci, da wanda zai kula da tarbiyyar yaro, da hannun da za a rasa a gona da damina.

Malaman Midil sun buɗe baki

Waɗanda suka fara neman a sa jama'a cikin shawara su ne malaman Midil ɗin kansu. Malam Aminu Kano, wanda ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, gama an mai da ta Katsina can a 1938, ya fara koyarwa a Midil ta Bauci a 1942. A can ya haɗu da Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur, suka shiga cikin taron tattaunawa na Bauci, inda malamai da ma'aikatan En'e ke muhawara a kan al'amuran ƙasa a gaban Turawa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka fara tura malamai Landan ƙaro ilmi, Tafawa Ɓalewa a 1945, Aminu Kano a shekarar da ta biyo, da ya dawo kuma ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, a ba talaka murya a cikin mulkin garinsu.

A farkon shekarun 1950 sai ga wani sabon abu, watau makarantun Islamiyya, waɗanda Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa suna cikin na gaba wajen kafa su. Mutanen unguwa ke haɗa kuɗi, wani ya ba da zaure, a sami allon bango da benci, a koyad da addini da Larabci tare da Hausar boko da lissafi, wani wuri har da Turanci. Sun sha tsangwama daga En'e saboda siyasa, amma irin ya kama. Iyayen da aka ce ba su son ilmin zamani su ne suka riƙa kai 'ya'yansu da ƙafarsu, har da mata, don makarantar tasu ce, sun san malamin, sun kuma ga an ba abin da su ke daraja wurinsa.

Ƙarshen Midil da abin da ya biyo baya

Da 'yan ƙasa suka karɓi ma'aikatu, ministan ilmi na farko a Jihar Arewa shi ne Alhaji Aliyu Makaman Bida, tsohon shugaban Midil ta Bida. Abin da ya fi damun sababbin shugabanni shi ne a sami 'yan Arewa da za su riƙe ayyukan gwamnati kafin mulkin kai, wannan kuwa sai da sakandare. Saboda haka a tsakiyar shekarun 1950 aka raba Midil biyu, ƙananan azuzuwa suka zama babbar firamare, manya suka zama sakandaren lardi. A shekarun 1960 kuma aka karkata ga fara Turanci tun daga ajin farko, bisa zaton in an fara da wuri za a fi iyawa. Sai dai makarantu sun yawaita fiye da malaman da suka ƙware, har aka wayi gari yaro yana haddace abin da bai fahimta ba da harshen da malaminsa ma bai mallaka ba.

Tun daga nan manufa ta yi ta kai da kawowa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen gida ko na yankin, sa'an nan a koma Turanci. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi shekara shida ta firamare da harshen gida, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilmi ya ba da sanarwar an janye wannan, an koma Turanci. A Jamhuriyar Nijar, inda Faransawa ba su ba Hausa wuri a aji ba ko kaɗan, sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A duk waɗannan sauye-sauye, daga babban birni shawara ke saukowa, kamar yadda ta sauko a 1930.

To, me Midil ta bar wa masu shiri na yanzu? Ƙarfinta a bayyane ya ke. Ta sa yaro ya iya karatu da rubutu da harshen da ya ke tunani da shi kafin a ɗora masa wani, ta keɓe lokaci musamman na ƙetarawa, ta tanadi malamai masu harshe biyu tun kafin a aza tubali, ta kuma sa an rubuta littattafan da har yau ba a daina karanta su ba. Da haka ta fid da mutane irin su Alhaji Shehu Shagari da Alhaji Yusuf Maitama Sule, waɗanda in suka yi magana da Hausa ko da Turanci ba ka ce ɗaya aro ne ba. Rauninta kuma a bayyane ya ke. Ƙofarta ƙarama ce, 'yan mata ba su cikin lissafinta, kuma an gina ta da kuɗin mutanen da ba a nemi bakinsu ba, don haka suka daɗe suna kallonta a matsayin makarantar gwamnati da sarki.

Garin da ya ke son ya kafa irin wannan makaranta yau yana da damar da kakanninsa ba su samu ba, watau ya kira taro tun kafin a zana gini. A zaunad da iyaye maza da mata, da malaman allo da na Islamiyya, da malaman boko, da masu harsunan da ba Hausa ba in akwai su a garin, a faɗa musu filla-filla shekarar da yaro zai fara Turanci da abin da zai ci gaba da yi da harshen gida, a kuma ji abin da su ke tsoro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu shirin Midil sun iya tsara karatu, amma wannan zama ne ba su yi ba, ƙasar kuwa ta daɗe tana biyan bashinsa.